Daga Tukur-Tukur Zuwa Kaduna, Inda A Ke Ƙera Labari



Tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar kamar mil 50 ce, amma a bisa wannan 'yar hanya aka reni yawancin aikin jarida da na rediyo na ƙasar Hausa. Na bi ta a hutun da ya wuce tare da ƙanwata, wadda ta ke shekarar ƙarshe a karatun aikin watsa labarai, domin ta ga gonar da za ta noma tun kafin a miƙa mata fartanya. Da ya ke 'yan makaranta sun sha tambayata ko wannan aiki ya dace da 'ya mace, kuma ta wace ƙofa a ke shigarsa, na ga ya kamata in ba ku labarin abin da muka gani.

Mun fara da Tukur-Tukur, gefen Tudun Wadan Zariya, wajen da har yau a ke kira Gaskiya. Nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, domin buga littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa tun watan Janairu na 1939. Wurin ya yi shiru yanzu, ba kamar yadda tsofaffi ke ba da labarinsa ba. Abin da ya kai ni can kuwa tarihin editan jaridar na farko ne, watau Alhaji Abubakar Imam. Malamin makaranta ne, kamar ni. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da aka sa gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ya aika da Ruwan Bagaja. Dokta East, Baturen da ke kula da ofishin talifi a Zariya, ya karanta, ya ga hannun mutumin, ya sa aka aro shi a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka tashi kafa jarida ba a sha wahalar neman edita ba. To, ku lura, ba a tambaye shi takardar shaidar koyon aikin jarida ba, don a lokacin babu ma makarantar. Rubutunsa ne ya riga shi isa ofis. Na ce wa ƙanwata ta riƙe wannan, za ta ga amfaninsa a gaba.

Daga nan muka kama hanya. Kafin a kai Kaduna a kan wuce Jaji, garin soja. A nan ne aka kakkafa dogayen turakun ƙarfe na Rediyon Kaduna, waɗanda suka kai muryar Hausa har Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Gwamnatin Sardauna ce ta buɗe gidan rediyo da talabijin ɗin a 1962, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, talabijin ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, rediyon kuma ya zama reshen Rediyon Tarayya a 1978. Iyayenmu da shi suka tashi, da Zaɓi Sonka da Jakar Magori da wasan Samanja na marigayi Usman Baba Pategi.

Muka shiga gari ta Kawo, muka gangara har Titin Yakubu Gowon inda wannan babban gida ya ke. Ba nan muka yi yini ba. A da, wanda ya ke son aikin rediyo ba shi da wata ƙofa sai ta gwamnati. Tun 1992, da aka yi dokar da ta yarda wa mutane su buɗe nasu gidajen, aka kuma kafa Hukumar NBC don lura da su, ƙananan tashoshin FM suka yi ta tsirowa a Kaduna da Kano da sauran birane, kuma yawancin masu fitowa daga makaranta yau a irin waɗannan su ke fara aiki. Sabo da haka ɗaya daga cikinsu muka nufa, inda wata ƙawar yayarmu ta ke aikin editan labarai.

Gidan ba shi da girman da mai sauraro ya ke zato. Ɗakin da a ke magana a ciki bai fi ɗakin amarya ba. An lulluɓe bangonsa da soso don kada murya ta yi amo, babu taga sai gilashi guda da ke duban ɗakin injiniya, ga tebur, ga makirufo biyu, ga babban agogo mai hannun daƙiƙa. A bisa ƙofa akwai jar fitila. In ta kama, ko mai gidan ne ya zo sai ya tsaya a waje. Ƙanwata ta tsaya tana kallon kujerar nan kamar ta ga gadon sarauta, editar kuwa ta yi murmushi, ta ja hannunta, ta ce, "Zo nan, 'yata, wancan ɗakin cin tuwo ne. Bari in nuna miki madafa."

Madafar ita ce ɗakin labarai, kuma a nan na fi daɗewa. Mutum biyar ne a ciki, kowa da kwamfuta, ba mai ɗaga kai. Yawancin labarai da Turanci su ke isowa, daga Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, da sanarwar ofisoshin gwamnati, da rahoton wakilai. Sai an zaɓa, an rage, an juya su zuwa Hausa, edita ta duba, sa'an nan a kai wa mai karantawa, duk kafin agogo ya cika. Labarun minti goma su kan ci aikin sa'o'i. Hausa kuma ta fi Turanci cin lokaci a baki, sabo da haka mai fassara dole ta san abin da za ta zubar ba tare da ta zubar da ma'ana ba.

Editar ta ba ƙanwata wani ɗan labari na layi shida ta ce ta juya. Ta ce haka ta ke yi wa duk wanda ya zo neman aiki, kafin ta buɗe takardunsa. Abin da ta ke dubawa ba ya wuce kaɗan. Ko yarinya ta rubuta "ɓarawo" inda Turancin ya ce wanda a ke zargi da sata, alhali alƙali bai yanke hukunci ba. Wannan kalma guda tana iya kai gidan rediyo kotu, ta kuma ɓata sunan bawan Allah a gari. Ko ta rikita miliyan da biliyan. Ko ta bi Turancin kalma bayan kalma har Hausar ta fito da takalmi da hular Bature. Sai kuma ƙugiyar haruffa, wadda 'yan makarantar yanzu suka raina sabo da rubutun waya. Ku duba "an ba ta kuɗi" da "an ɓata kuɗi". In mai rubutu ta yi sakaci da ƙugiya da tazara, mai karatu kuma tana sauri, sai a wayi gari an ɗora wa wata shugabar mata laifin da ba ta yi ba. Mai karantawa ma tana da nata. Rubutunmu ba ya nuna hawa da saukar murya, "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa duk ɗaya su ke a takarda, sai wadda ta karanta labarin a zuci tun kafin fitila ta kama ita ce ba ta tuntuɓe.

Ni da na ke koyar da Hausa a aji, wannan ya yi mini daɗi, ya kuma ba ni haushi. Yara da yawa suna ganin tun da sun sha Hausa a nono ba su da sauran abin koyo a cikinta, sai su ba Turanci dukan ƙarfinsu, su fito ba su ƙware a ko ɗaya ba. Alhali mai harshe biyu sosai ita a ke nema, daga ƙananan tashoshin nan har Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Jamus, da na Faransa da ya zo a 2007, da tashar Arewa24 da ta fara a 2014.

Game da shiga aikin, editar ta ce yawancin waɗanda ke ɗakin nan ba ta hanyar sanarwar neman ma'aikata suka shigo ba. Sun zo ne watannin sanin makamar aiki da makaranta ke turo ɗalibai, ko shekarar bautar ƙasa, aka ga hannunsu, da gurbi ya samu aka tuna da su. Waɗansu ɗaliban kuwa sai su zo su sa hannu a littafi, su zauna suna latsa waya har a tashi. Wadda ta ce a ba ta na'ura ta bi wakili kasuwa, ta koyi yanka murya a kwamfuta, ta iso kafin lokaci, ita ce ba a mantawa. Ta kuma ce kowace ɗaliba ta tara abin da ta yi da hannunta: rahoto uku ko huɗu da ta ɗauka ko da da wayarta ne, da 'yan labarun da ta fassara, da abin da ta rubuta a jaridar makaranta. Ƙanwata ta dube ni, ta ce, "Yaya, Ruwan Bagaja ke nan." Shafinki na Facebook ma yana cikin abin da za a duba, ko kin so ko ba ki so ba.

Yanzu ga iyaye mata, don na san inda hankalinku ya ke. Aikin yana da wuyarsa, ba zan ɓoye muku ba. Rediyo ba ya sanin Juma'a ko Salla. Mai aikin safe ta kan bar gida da asuba, mai aikin dare ta kan tashi bayan gari ya yi tsit. Kafin 'yarku ta karɓi aiki, a tambaya ko gidan yana da motar mai da ma'aikata gida da dare, kuma a ba ta takardar ɗaukar aiki wadda aka rubuta albashi a ciki. Akwai wuraren da a ke riƙe yaro shekara da shekaru da sunan koyo, ba ko sisi, a ce ya nemo talla ya ci a ciki. Daga nan ne a ke koyon karɓar ambulan a wurin taro da sunan kuɗin mota, wanda ya ba ki kuwa ya sayi bakinki, gobe ba ki iya faɗin laifinsa. In za a yi koyo kyauta, a yanka masa wa'adi tun farko. Mai neman aurenta kuma a gaya masa irin aikin tun ana zance a zaure, kada a bari sai an kai lefe.

Amma akwai abin da 'ya mace ta ke da shi wanda namiji ba zai taɓa samu ba a wannan aiki. Ƙofar da aka rubuta wa "Ba Shiga" a buɗe ta ke gare ta. Ɗakin haihuwa, da layin awo a asibiti, da tsakar gida inda a ke ƙuli-ƙuli da saƙa da adashi, da makarantar matan aure, rabin labarin ƙasar nan a can ya ke, wakili namiji kuwa iyakarsa zaure, sai abin da maigida ya ga dama ya faɗa masa. Editar ta ce in yarinya ta kawo mata muryoyin mata biyar a kan tsadar gawayi ko rashin ruwa a unguwa, ta fi mata wadda ta kawo jawabin babban mutum da kowace tasha za ta sa. Ba kuma a nan abin ya tsaya ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a Mina a 2015, ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano daga 1983, sa'an nan ta zo nan Kaduna ta zama editan New Nigerian a 1987, maza na aiki a ƙarƙashinta.

Wadda ba ta samu gidan rediyo ko jarida ba kada ta ce karatunta ya tashi a banza. Ofisoshin watsa labarai na ma'aikatu, da masu wayar da kai a kan rigakafi da lafiyar mata, da kamfanonin talla, da masu shirya fim a Kano, duk suna bukatar mai iya tsara magana. Tun 2020 ma Hukumar Jami'o'i ta rarraba wannan karatu zuwa fannoni dabam-dabam, jarida dabam, rediyo da talabijin dabam, talla dabam, fim dabam, sabo da haka mai shirin shiga jami'a sai ta san wanda ta nufa.

Ku kuma 'yan sakandare, ga aikin da editar ta ba ni in kawo muku, ba ya bukatar ko kwabo. Kowace rana ki saurari labari guda na Turanci, ki rubuta shi da Hausa cikin layi biyar, da ƙugiyoyinsa. Sa'an nan ki je madafa ki karanta wa Inna da ƙarfi tana cikin aikinta, sau ɗaya tak, don mai sauraron rediyo ba ya cewa a maimaita. In ta juyo ta ce, "Me kika ce?" sai ki koma ki sake rubutawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.