Allurar Korona a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Maiwurno

Daga Khartum zuwa Wad Madani tafiya ce ta kusan awa uku a bas, hanyar kuwa ta bi gefen Shuɗin Nilu ta yi kudu. A ƙarshen 2021 ne na yi tafiyar, lokacin sanyi, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa yankin. A cikin bas ɗin, in ka ɗauke wata dattijuwa da ta rufe hanci da gefen mayafinta, babu mai takunkumi. Dama da hagu fili ne shimfiɗe, baƙar ƙasa mai tsagewa, magudanan ruwa sun ratsa shi a miƙe. Wannan ita ce Jazira, gonar audugar da Turawan Ingila suka buɗe a 1925 bayan sun gama madatsar ruwa ta Sinnar. Tsintar audugarta na cikin abin da ya tsayar da dubban Hausawa masu tafiya Makka a ƙasa. Wasu sun yada zango don su tara guzuri, zangon ya zama gida.

Da ka bar kwalta ka hau kan gaɓar magudana, sai ka fara cin karo da ƙauyukan leburori da ake kira kambo. Wanda na shiga ɗakunan laka ne da rumfunan kara, a tsakiya ga masallaci, ga makarantar allo. Yara suna Hausa a tsakaninsu, suna juyawa Larabci in sun ga baƙo. Babu asibiti, babu wuta, ruwan sha kuma jaki ke jawo shi a ganga. Da hantsi garin kusan wayam yake, sai tsofaffi da masu shayarwa, domin duk mai ƙarfi yana gona.

Na tarar da wani dattijo a rumfa yana tufkar igiya. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Baba, an yi muku allurar korona kuwa?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya kawo?" Ya ce masu ɗigon shan-inna suna zuwa har ƙofa, sun zo ma a bara, amma wannan allura ta manya sai ka bi ta inda take. Ciwon da ya sani shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ruwan magudana ke rainon sauronsa shekara duka, sai tsargiya da ke sa yara fitsarin jini. Korona a wurinsa ciwon mutanen birni ne da masu hawa jirgi. Sai dai da aka ambaci Sadik al-Mahadi, jagoran mabiya Ansar kuma tsohon firaministan Sudan, wanda cutar ta yi ajalinsa a Nuwamban 2020, ya ajiye igiyar ya yi masa addu'a. Mutuwar nan ta shiga kunnen mutanen yankin fiye da duk wata sanarwar rediyo.

Allurar kyauta ce, kowa ya san haka. Zuwa wurinta ne ke da tsada. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana guda. A Yuni aka janye tallafin mai, litar fetur ta koma fam 290 daga 150. Hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Mai raksha, wato keken nan mai ƙafa uku, ba ya faɗin kuɗin gobe yau. Lebura da ake biyansa gwargwadon audugar da ya tsinta sai ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa, ya ƙara wunin da zai rasa, ya ƙara kwana ɗaya ko biyu da aka ce allurar tana kwantar da mutum. Ban ga laifin lissafinsa ba.

Ƙaramin asibitin da ke hidimar ƙauyukan yana wani gari a gaba, ɗaki ne 'yan kaɗan da baranda, da bishiyar dalbejiya a tsakar gida. Firjin riga-kafi yana aiki da hasken rana, kuma shi ne abin da ma'aikacin wurin ya fara nuna mini. A kan benci mata ne da jarirai, sun zo allurar yara da aka saba. Masu jiran ta korona ba su cika benci guda ba. Ma'aikacin ya bayyana mini matsalarsa: kwalbar AstraZeneca ta mutum goma ce, ta Johnson & Johnson ta mutum biyar, in an buɗe kuma sai a ƙarar cikin awa shida ko a zubar. Saboda haka in mutum biyu suka zo da safe, sai ya ce su ɗan jira a taru. Wani lokaci kafin a taru na farkon ya gaji ya tafi.

Samuwar allurar kanta ta yi ta hawa da sauka. Sudan ta karɓi kason farko a ranar 3 ga Maris 2021, sama da allura dubu 800 ta AstraZeneca ta hanyar shirin COVAX, aka fara da ma'aikatan lafiya da masu shekara 45 zuwa sama da ke fama da ciwon suga ko hawan jini. Sin ta aiko da Sinopharm dubu 250. Sai Indiya, inda ake sarrafa AstraZeneca ɗin, ta dakatar da fitarwa saboda cutar ta yi mata kamun kazar kuku, waɗanda suka yi ta farko suka yi ta jiran ta biyu. A Agusta Amurka ta aiko da Johnson & Johnson kimanin dubu 600. Ita ce mutanen karkara suka fi so, don sau ɗaya ake yi, kuɗin mota ɗaya.

Game da abin da allurar ke jawowa, bakin waɗanda suka yi ya zo ɗaya: hannu ya yi tsami, jiki ya mutu, kai ya yi ciwo, wani da zazzaɓi da sanyi a daren farko, kwana biyu ya wuce. Ma'aikacin yana ce musu su sha farasitamol da ruwa da yawa. Abin da ya fi damunsa shi ne a nan kowane zazzaɓi kama yake da na sauro. Wani allura ce ta taɓa shi sai ya sayi maganin maleriya, wani kuma maleriyar ce ta gaske, ya kwanta yana cewa ai allura ce, za ta wuce. Dokarsa ita ce in zazzaɓi ya haura kwana biyu a zo a gwada jini. Labarin daskarewar jini bayan allurar da aka samu a Turai ya iso ta WhatsApp, an ƙara masa gishiri. Gaskiya ne yana faruwa, amma ga mutum ƙalilan ƙwarai cikin ɗaruruwan dubbai. Jita-jitar hana haihuwa ma tana nan, irin wadda ta sa Kano ta dakatar da riga-kafin shan-inna a 2003. Saƙonnin murya na Hausa ba sa neman biza kafin su tsallako daga Najeriya.

Daga nan sai Sinnar, sai 'yar tafiya kudu zuwa Maiwurno a bakin kogi. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya wanda ya faɗi a Burmi a 1903. Ɗan ne ya jagoranci ragowar masu hijira gabas har suka kafa garin a wajajen 1906. Lokacin da na je akwai sarauta, kuma a kasuwa Fulatanci da Hausa da Larabci suna cakuɗe. Masunta suna sauke kifi, mata masu shayi suna jere da kurfotinsu, hayaƙin agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan, yana tashi tun la'asar. Kasuwar a cike take maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, gaisuwa kuwa hannu da hannu.

A nan na fi ganin masu katin allura, kuma yawancinsu dalili ɗaya suka bayar. Saudiyya ta rufe Hajji ga 'yan waje a 2020 da 2021, da ta buɗe Umara kuma ta sa sharaɗin allura. Wata hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ciro nata katin daga cikin leda, an naɗe shi tare da fasfo. Ta ce kakanta da ƙafa ya taho daga ƙasar Katsina yana nufin Ɗakin Allah, ita tsinken allura ba zai tare ta ba. Ta kwana biyu hannun ba ya ɗaguwa, 'yarta ce ta riƙe mata tallar. Masu niyyar tafiya har tambaya suke wace iri ce a firji kafin su miƙa hannu, domin a lokacin Saudiyya tana neman ƙarin wata allurar a kan Sinopharm.

Matasan da ke zaune wurin mai shayi ba su yi ba, ba su kuma ƙi ba. Ɗayansu, mai zuwa aikin girbin dawa a gonakin wajen Damazin, ya ce in an kawo ta kasuwa ranar da yake gari zai yi, in mai gona ya nemi kati ma zai yi. Ya tambaye ni ko a Kano an tilasta wa mutane. Kafin in gama ba shi amsa motar da zan shiga zuwa garin Sinja ta cika, yaron mota yana buga ƙarfe.