Kalmar da ta kwana cikin tsohuwar jarida

Jaridar ɗalibai ba ta da mai gadi. Masu buga ta sukan gama karatu su watse, takardun kuwa su zama rabon ƙura da gara. Haka ta faru da L'Étudiant noir, jaridar ƙungiyar ɗaliban Martinik mazauna Faransa, wadda ta fito a Paris cikin Maris 1935 ɗauke da rubutun Aimé Césaire da na Léopold Sédar Senghor.

Shekaru da dama, fitowa ta farko kaɗai masana suka riƙe a hannu. Saboda haka aka daɗe ana karantar da cewa kalmar négritude ta fara bayyana ne a 1939, cikin doguwar waƙar Césaire. Sai a 2008 Christian Filostrat ya buga hoton wani shafi na fitowa ta uku, ta Mayu da Yuni 1935. Ga kalmar nan ƙiri-ƙiri cikin maƙalar Césaire, yana ɗan shekara 21.

Ba shekaru huɗu kawai wannan shafi ya gyara ba. Ya nuna cewa ba a waƙa aka raɗa wa kalmar suna ba, a tsakiyar gardamar siyasa ce, kan launin fata da juyin juya hali.