Gaisuwa Kafin Ciniki

Akwai wani dattijo a cikin birnin Kano, ɗan kasuwar goro, wanda shekarunsa sun haura 70. Bai taɓa zama a aji ba in ban da makarantar allo, amma da wuya a ambaci garin da ake cinikin goro tsakanin Shagamu da Maraɗi a ce ba shi da gidan da zai sauka a ba shi ruwa da tabarma. Yana da jika wanda ya karanta ilmin harkokin kasuwanci a jami'a, aka ce ya riƙa zama a rumfa yana taya tsohon riƙe lissafi. To, tsakanin waɗannan biyu aka daɗe ana wata jayayya, rabinta wasan jika da kaka ne, rabinta kuwa da gaske ake yi.

Abin da ya dami saurayin shi ne yadda tsohon ke ɓatar da yini. Da hantsi yana wurin suna, da azahar ya bi gawa, bayan la'asar kuma ya tafi duba wani direban babbar mota da ya daina tuƙi tun da daɗewa, wanda ba sauran wani kaya da zai sake ɗaukar masa har abada. In ma ya zauna a rumfa, baƙo ya zo, sai an yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida da iyali da gajiya da damina, an fasa goro an ci, kana a buɗe huhu. Wata rana saurayin ya gaza haƙuri, ya ce, "Alhaji, wannan yawon gaishe-gaishen naka, a wane shafi zan rubuta ribarsa?" Tsohon ya yi dariya ya ce, "Abokina, bar masa shafi fari, zai cika kansa."

Kafin a ga wanda ya fi gaskiya a cikinsu, ya kamata mai karatu ya tuna cewa wannan ɗabi'a ba tsohon ne ya ƙago ta ba, gadonta ya yi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, watanni suke yi a hanya da jakuna, ƙarƙashin madugu, suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu. In sun isa Salaga ba otal suke nema ba, kowa yana da maigidansa. Shi zai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an yi cinikin bashi, ya kuma raba gardama in ta taso. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, kasuwar ta tarwatse, amma sanayyar ba ta tarwatse ba. Masu gidaje suka koma Karaci da Kumasi da sauran zangogi, baƙinsu suka bi su can. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, a cikin wannan fatauci ya tashi, kuma lokacin da kamfanin Turawa ya neme shi ya saya masa gyaɗa a 1918, abin da ya sa ya yi fice shi ne yawan mutanen da suka yarda da shi, waɗanda zai ba kuɗi su shiga ƙauyuka su dawo da kaya. Har wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a 1969, inda ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, maigida ne kawai lamuni.

Dalilin wannan a fili yake ga duk wanda ya san goro. Kaya ne mai rai, ba ya jiran kotu. Idan ba a sauya masa ganye ba ya bushe, idan sankara ta shiga huhu ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake Kano ba ya ganin abin da aka ɗaure masa a Kurmi, ko marsa ce a sama minu a ƙasa, sai ranar da aka kwance. Saboda haka dole a sami wani a can wanda zai ji kunyar cutarsa. Takarda kuwa ba ta jin kunya.

Shi wannan dattijo yana ɗan shekara 15 aka kai shi Sabon Shagamu, gidan wani abokin mahaifinsa. Aikinsa ɗebo ruwa da zaɓen goro da rakiyar baƙi tasha. A nan ya koyi Yarabanci, a nan kuma ya saba da wata Bayarabiya mai sayo goro daga manoma, wadda kowa ke kira Iya. Ba ciniki ne ya fara haɗa su ba, domin a lokacin ba shi da ko sisi. Ɗanta ne ya faɗi da zazzaɓi a kasuwa, shi kuwa ya goya shi har gida. Shekaru suka wuce, ya yi jari, ta zama ita ce mai tara masa kaya. A watan Yuli na 1999, lokacin da rikici ya ɓarke a Shagamu tsakanin Hausawa da Yarabawa aka yi asarar rayuka, wannan ɗan da ya goya shi ne ya ɓoye shi a ɗakin ajiyar goro har ƙura ta lafa. Da tarzomar ramuwa ta tashi a Kano bayan 'yan kwanaki, iyalin tsohon suka shigar da wani tela ɗan'uwan Iya cikin gida, tun kafin labarin abin da aka yi wa maigidansu ya iso gare su. Tsohon bai cika son ba da wannan labari ba. A bakin matarsa jikan ya ji shi.

Kada a ɗauka saurayin ba shi da hujja. Yana da ita, mai ƙarfi ma kuwa. Da ya bi tsofaffin takardun rumfar sai ya tarar da basussukan da suka shekara goma ba a biya ba, wasu masu su sun mutu, 'ya'yansu sun ce ba su san zancen ba. Kunyar da ke hana abokin ciniki cuta ita ce kuma ke hana tsohon tambayar haƙƙinsa. Akwai wani yaron gida da aka riƙe tun yana ƙarami, aka yi masa aure, ya tafi da kuɗin mota guda bai dawo ba. Ban da wannan, tsarin yana da ƙofa ƙunci: wanda ba shi da uba ko ubangida a cikin sana'ar, komai gaskiyarsa, zai daɗe a bakin rumfa kafin a ba shi ƙwarya ɗaya bashi. Wannan aibi ne na gaske, kuma masu yabon zamanin da sukan tsallake shi.

Kuskuren saurayin a wani wuri yake. Da ya ga cewa lalle sanayya tana kawo ciniki, sai ya ɗauke ta dabara ce da za a iya tsarawa. Ya buɗe littafi ya jera sunayen manyan dillalai da lambobin wayarsu, ya sa wa kowa ranar da zai kira shi. Ran Juma'a ya aika musu da saƙon barka, iri ɗaya ga kowa. In ya kira, gaisuwa biyu sai ya faɗa kan farashi. Mutanen kasuwa kuwa hancinsu ya fi na kowa jin warin gaisuwar mai neman abu. Suna amsa masa da fara'a, suna sa masa albarka, amma in zancen kaya ya zo sai su ce, "Ka gai da Alhaji, ka ce ya kira mu." Bai lura ba cewa a cikin jerin nasa babu tsohon direba, babu mai ɗaurin huhu, babu ɗan dako, alhali rabin labarin kasuwa a bakin waɗannan tsohon yake jinsa.

Sai ga farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin kuɗi a hannun jama'a. Mutane suka kwana a layin banki, tura kuɗi ta waya ya riƙa maƙalewa, har a watan Fabrairu masu zanga-zanga suka ƙona bankuna a Shagamu. Matan ƙauye masu goro suka ce su kuɗi a hannu suka sani. Ga azumi yana matsowa, ga bukukuwan aure da ake yi kafinsa, waɗanda ba a ɗaura su sai da goro, rumfa kuwa ta kusa zama wayam. Saurayin ya bi jerinsa tun daga sama har ƙasa, kowa ya ba shi haƙuri, kuma ba ƙarya suka yi ba, su ma ba su da shi.

Tsohon ya karɓi wayar ya kira ɗan Iya, domin ita ta riga mu gidan gaskiya. Suka daɗe suna Yarabanci. Ya tambayi ciwon ƙafarsa, ya tambayi 'yarsa da ta haihu, ya yi masa jajen abin da ya faru a garin, suka yi sallama. Jikan yana gefe yana jira a zo kan batu, ba a zo ba. Ya ce, "Alhaji, ai ba ka yi masa zancen kayan ba." Tsohon ya ce, "Shi bai san watan da muke ciki ba ne?"

Bayan kwana shida mota ta tsaya a Mariri da huhuna masu alamar tsohon a jiki. Mutumin ya bi matan gida gida ya tsaya a kan kuɗin da bakinsa, su kuma suka yarda domin uwarsa. Ba a biya ba sai bayan da kuɗi suka wadata, kuma jikan ne ya rubuta bashin a littafi, da kwanan wata da adadi, ya kuma tabbata an biya shi har kobon ƙarshe, abin da tsohon da kansa ya yarda cewa da shi ne da sai an yi mantuwa.

Ba a ce jayayyar ta ƙare ba. Har yanzu saurayin yana ganin a daina ba da bashi sai da shaida a rubuce, tsohon kuwa yana cewa ba zai sa wanda suka ci tuwo tare ya dangwala hannu ba. Sai dai da tsohon direban nan ya rasu, ƙafar Alhaji ta hana shi fita, jikan ne ya rufe littafi ya tafi. Ya yi zaman makoki na kwana uku a kan tabarma cikin mutanen da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. A rana ta uku wani mai farin gemu da ke kusa da shi ya dube shi da kyau, ya ce, "Yaro, kai jikan wane ne?"