Kama da Wane Ba Ta Wane

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Gaskiyar wannan magana ta bayyana ga wani ɗalibin kimiyya ran da aka ajiye masa kwalabe biyu marasa suna a ɗakin gwaje-gwaje, aka ce ya faɗi wadda ke ɗauke da firofanal da wadda ke ɗauke da firofanon, watau asiton ɗin da mata ke goge jan farce da shi. Jarrabawar ƙarshe ce. Bara a nan ya faɗi har ya maimaita aji, domin ya shinshina kurum ya yi cinke.

Ruwan kwalaben garai-garai yake, ba launi. Kowanensu kuwa yana da ƙwayoyin zarra 3 na kabon, 6 na haidurojin, 1 ta oksijin. Abin da ya raba su shi ne jeri, kamar yadda haruffa huɗu ne suka gina gari, su ne kuma suka gina riga, amma ba mai sa gari a jikinsa. A firofanal, wanda ke cikin dangin aldihaid, kabon mai riƙe da oksijin yana bakin layi, da haidurojin a gefensa. A firofanon, ɗan dangin kiton, yana tsakiya, 'yan'uwansa biyu sun sa shi a tsaka. Wannan haidurojin guda shi ya sa aldihaid ke saurin rikiɗa ya zama asid, kiton kuwa ya cije.

Sai ya haɗa ruwan gwajin Tollens, mai sunan wani masani Bajamushe, wanda ake yi da gishirin azurfa da amoniya. Ya raba shi a 'yan kwalaben gwaji biyu, ya ɗiga kowane sinadari a tasa, ya tsoma su cikin ruwan ɗumi. Da fari ba abin da ya motsa. Zuciya ta ce masa ya rubuta ko wace amsa, lokaci na tafiya. Ya danne ta. Can sai jikin kwalbar hagu ya fara dushewa, azurfa ta kwanta a kansa, ya zama madubi. Ta dama kuwa tana nan yadda take.

Ya rubuta firofanal a ta hagu, sa'an nan ya wanke kwalaben nan take, domin ruwan yakan iya fashewa in ya daɗe a ajiye. Ilmin da ya fito da shi bana yana da shi tun bara. Abin da ya ƙaru kawai shi ne haƙurin jira har abu ya nuna halinsa da kansa.