Ma'aunin Adalci: Ina Matsayin Mike Tyson a Cikin Gwanayen Dambe?

 

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin masu sha'awar damben zamani, wato shin Mike Tyson yana cikin mafifitan zakarun ajin masu nauyi a tarihi, ko kuwa sunansa ya fi aikinsa girma? Na sha jin manyan ɗalibaina suna wannan gardama bayan an tashi daga darasi, kuma na lura idan hujja ta ƙare wa masu goyon bayan Tyson sai su koma ga cewa ai Musulmi ne, namu ne. Wannan jumlar ce ta sa na ga ya dace in ce wani abu. Na san malamai da dama na wannan zamani sun hana irin wannan dambe saboda dukan fuska da cutarwar da ke cikinsa, kuma ba kwaɗaitar da kowa nake yi ya shiga ba. Damuwata ita ce yadda muke auna mutane, domin wanda ya saba karkata ma'auni a wurin wasa ba zai iya riƙe shi daidai ba ranar da maganar ta shafi haƙƙin wani.

Bari mu fara da bai wa Tyson haƙƙinsa cikakke. An haife shi a 1966 a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ya tashi cikin talauci da rigingimun titi, har Allah Ya haɗa shi da dattijon mai horarwa Cus D'Amato wanda ya riƙe shi kamar ɗansa. Tyson gajere ne idan aka kwatanta da sauran 'yan ajinsa, sai D'Amato ya mayar da gajartar ta zama makami: ya koya masa rufe fuska da hannuwa, da kaucewa da kai, da kutsawa ƙarƙashin dogon hannun abokin karawa kafin ya saki naushi daga ƙasa. A watan Nuwamban 1986 ya kayar da Trevor Berbick a turmi na biyu, ya karɓi kambun WBC yana da shekara 20, kuma har yau babu wanda ya zama zakaran wannan aji a ƙarancin shekaru irin nasa. A 1987 ya haɗa kambun WBA da na IBF. A watan Yunin 1988 ya gama da Michael Spinks, wanda ba a taɓa dokewa ba, cikin daƙiƙa 91. Ya kare kambunsa sau tara, ya yi nasara sau 37 a jere. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, to ya yi zalunci.

Akwai kuma wani dalili na zuci da ya ƙara masa farin jini a wurinmu. Larry Holmes ne ya yi wa Muhammad Ali dukan da ya sa magoya bayansa hawaye a 1980, Berbick kuma ya doke shi a karawarsa ta ƙarshe a 1981. Su biyun nan duk Tyson ya kwantar da su, sai mutane suka ɗauke shi a matsayin wanda ya rama wa Ali. Daga baya ya musulunta, ya ziyarci Makka, kuma yana cikin waɗanda suka raka makarar Ali a Louisville a 2016. Ina fahimtar wannan ƙauna, ni ma ina yi masa fatan alheri. Sai dai Hausawa sun ce so hana ganin laifi.

Malaman hadisi sun bar mana darasi a kan wannan a fannin da ake kira jarhu wat ta'adil, wato tantance maruwaita. Ba su karɓar ruwayar mutum don kawai yana da ibada ko don suna ƙaunarsa. Suna duba haddarsa, suna gwada abin da ya ruwaito da na sauran amintattu. An ruwaito cewa Aliyu bin al-Madini, malamin Imamul Bukhari, ya raunana mahaifinsa na cikinsa da aka tambaye shi game da shi. Idan mutum zai iya faɗin gaskiya a kan mahaifinsa, mu ba mu da uzurin kasa faɗinta a kan ɗan damben da bai san da zamanmu ba.

To da me za mu auna? A ganina tambayoyi uku sun wadatar: su wa ya doke, tsawon wane lokaci ya riƙe sarautar, kuma me ya yi ranar da abin ya juye masa?

A tambaya ta farko, manyan sunaye biyu da Tyson ya doke su ne Holmes da Spinks. Holmes yana da shekara 38 a lokacin, kuma ya kusa shekara biyu bai shiga fage ba. Spinks kuwa asalinsa ɗan ajin da ke ƙasa ne, nauyi ya ƙara ya hau. Manyan tsararrakin Tyson na haƙiƙa su ne Evander Holyfield da Lennox Lewis, kuma sau uku ya kara da su, sau uku ya sha kaye. Gwada wannan da Ali, wanda ya doke Sonny Liston a 1964, ya kwantar da George Foreman a Kinshasa a 1974 lokacin da kowa ke jin tsoron Foreman, ya kuma rinjayi Joe Frazier sau biyu cikin karawa uku.

A tambaya ta biyu, sarautar Tyson ta farko ba ta kai shekara uku da rabi ba. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Holmes ya riƙe daga 1978 zuwa 1985, ya kare shi sau 20.

Tambaya ta uku ce ta fi nauyi a wurina, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Max Schmeling na Jamus ya kwantar da Louis a 1936, Louis ya koma ya gyara kurakuransa, ya rama a turmin farko a 1938. Frazier ya doke Ali a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, Leon Spinks ya ƙwace kambunsa a 1978, kuma duk ya dawo ya rama. Oliver McCall ya kwantar da Lewis a 1994, Hasim Rahman ya maimaita masa a Afirka ta Kudu a 2001, su ma duk ya rama. Tyson fa? A Tokiyo, cikin watan Fabrairun 1990, ya haɗu da Buster Douglas, mutumin da ba a ba shi ko kusa da nasara ba, wanda mahaifiyarsa ta rasu makonni kaɗan kafin karawar. Douglas bai ji tsoro ba, ya riƙa tsare shi da dogon hannu, ya faɗi a turmi na takwas ya tashi, ya kwantar da Tyson a na goma. A 1996 Holyfield ya tsayar da shi a turmi na 11. Da aka sake haɗuwa a 1997, damar ramuwa ta zo, sai ya ciji kunnen Holyfield aka kore shi a turmi na uku. Babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka doke Tyson da ya dawo ya rama a kansa.

Masu kare shi suna da amsa, kuma ta cancanci a saurara. Suna cewa D'Amato ya rasu tun 1985, an raba shi da mai horar da shi Kevin Rooney a 1988, sannan ya yi shekara uku a kurkuku bayan kotu ta same shi da laifin fyaɗe a 1992, don haka wanda Holyfield da Lewis suka doke saura ne kawai. Akwai gaskiya a ciki. Amma a tuna Holyfield ya girme shi da kusan shekara huɗu, Lewis ma ya ɗan girme shi. A kuma tuna an raba Ali da fage sama da shekara uku, daga 1967 zuwa 1970, saboda ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Vietnam bisa dalilin addininsa, ya dawo saurin ƙafarsa ya ragu, ya sauya salo, ya sake zama zakara sau biyu. Shekarun Ali ƙwace masa su aka yi a kan aƙida. Na Tyson hukuncin laifi ne ya cinye su, laifin da akwai wadda aka cuta a cikinsa, kuma bai kamata mu riƙa ambatonsa kamar wani tsautsayi da ya faɗa wa gwaninmu ba. Kame kai da juriya suna cikin abin da ake aunawa, ba a cire su gefe a ce a duba baiwa kaɗai.

Hukuncina shi ne: tsakanin 1986 da 1988 Tyson yana cikin mafi ban tsoro da aka taɓa gani a wannan aji, kuma ya cancanci a ambace shi a bakin goman farko. Amma ba ya zama sahu ɗaya da Ali da Louis, kuma ina sanya Holmes da Lewis da Holyfield da Foreman a gabansa. Ka lura, ya ɗan uwa, da wannan ma'auni Ali ya fito a sahun gaba ba tare da mun buƙaci ambaton addininsa ba, kuma hakan ya fi girmama shi. Da mun ɗaga shi don Musuluncinsa kawai, da mun bai wa wani damar sauke shi don wannan dalilin.

Musuluncin Tyson yana ba shi haƙƙin addu'armu da fatan Allah Ya karɓi tubansa, Ya kyautata ƙarshensa da namu. Wannan haƙƙi ne babba, ya fi duk wani kambu daraja. Amma ba ya goge ranar Tokiyo daga tarihi. Idan gardamar ta sake tashi a majalisarku, ka kawo sunaye da shekaru, ka faɗi abin da ke goyon bayanka da wanda ke rushe maka, sannan ka yarda da inda ma'auni ya tsaya ko da zuciyarka ba ta so. Gobe abokinka ne ko ɗan ƙungiyarku ko malaminka zai hau wannan ma'aunin, kuma hannun da ka horar yau shi zai riƙe shi.

Allah Ya sa mu zama masu adalci a cikin so da ƙi. Wallahu a'alam.