"Nawa za ku biya ni?": Tambayar da na shekara biyu ina jin kunyar yi

'Yar'uwa, idan kina cikin masu latsa waya suna rubutu bayan yara sun yi barci, matso mu yi magana. Ni ma haka na fara, a aikin dare, tsakanin allurar ƙarfe goma da ta ƙarfe biyu, idan Allah Ya sa ɗakin haihuwa ya yi shiru.

Rubutuna na farko a kan hawan jinin masu juna biyu ne. Na tura wa wata mujalla, suka buga. Ranar har kuka na yi don murna, na ɗauki hoton shafin na aika wa dangi kaf. Na sake tura na biyu, da na uku, har na bakwai, kullum ina sa ran jin ƙarar shigowar kuɗi. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni da nake tambayar mace abin da ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, sai ga shi na kasa buɗe baki in ce wa edita, "Ana biya kuwa?" Gani nake za a ce na cika kwaɗayi. Da kuɗin makarantar babbar 'yata ya matso, na cije na tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai mun fito da sunanki." To, suna dai bai sayi ko data ba.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ban tambaya ba tun farko, kuma ban san cewa wuraren karɓar rubutu iri-iri ne ba. Shafin wasiƙu da na ra'ayi a jaridu galibi ba a biya. Ki tura don a ji muryarki, amma kada ki sa kuɗinsa a lissafin cefane.

A Hausa, ƙofar da ta fi daɗewa tana kawo wa marubuci kuɗi ita ce gasa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A zamaninmu akwai Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla. A shekarun farko ta ɗaya dala 2,000 take samu, ta biyu 1,000, ta uku 500, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Sai dai ki karanta sharuɗɗan kowace shekara, musamman na shekaru da yawan kalmomi, don labari mai kyau kan faɗi a kan ƙa'ida tun kafin alƙalai su gan shi. Mai Turanci, ko mai wanda zai fassara mata, tana iya gwada gasar gajerun labarai ta Commonwealth: ana buɗewa 1 ga Satumba, a rufe 1 ga Nuwamba, shiga kyauta, kuma wanda ya lashe yankin Afirka fam 2,500 yake samu. Amma gasa sau ɗaya ce a shekara, mutum ɗaruruwa ke nema. Ba a ɗora tukunya a kanta.

Manhajojin sayar da littattafai su ma hanya ce, sai dai ki riƙa ajiye kwafin aikinki a wurinki. OkadaBooks, da marubutanmu da dama suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Ni inda na fi samun ɗan abin da ya ɗore shi ne mujallu da ƙungiyoyin da ke neman wanda ya san abu da gaske. Na san awo, na san rigakafi, na san abin da ke hana mace zuwa asibiti sai jini ya ɓalle. Ke ma akwai naki: koyarwa, ɗinki, kiwon kaji, rainon yaro mai sikila. Yanzu ba na tura cikakken rubutu. Layi huɗu nake aikawa, in faɗi abin da zan rubuta da dalilin da ya sa ni ce zan iya. Idan an ce ana so, sai in yi tambayoyina: nawa ne, yaushe za a biya, da an karɓa ko sai an buga, kuma bayan an buga rubutun na waye? Wannan ta ƙarshen kada ki raina ta, don idan kin sayar da shi gaba ɗaya ba ki da ikon sa shi a littafinki gobe. Amsar kuma a rubuce nake so, ko da a WhatsApp ne. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin rajista kafin a buga miki, ko ya nemi lambar sirrin katinki, ki rufe wayarki. Lambar asusu ta ishi mai niyyar biya.

Abu ɗaya ne ba na sayarwa. An taɓa yi min tayi mai tsoka in rubuto "abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa", da labaran gaske masu zafi. Kuɗin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu ina juya maganar. Amma matar da ta riƙe hannuna tana naƙuda ta faɗa min sirrin gidanta, ba don ya shiga mujalla ta faɗa ba, kuma a garinmu ko an sauya suna, kishiyarta za ta gane ta. Na ce a'a. Ki yi irin wannan tunanin kafin ki rubuta labarin mijinki ko na 'yarki da ta fara girma.

Ranar da na fara yin tambayar nan a saƙon farko, hannuna har rawa yake. Na tura, na kife wayar, na tafi duba wata mai jego. Da na dawo na tarar da amsa: naira dubu goma sha biyar, bayan mako biyu da bugawa. Sai da aka yi mako biyar, na yi tuni sau biyu, sannan suka shigo. Takalmin makaranta na saya wa yarinyar, canjin kuma na sa data.