Tsargiya, PGD da lissafin shekaru

Tun da aka shiga zangon ƙarshe, hirar 'yan HND 2 a sashenmu na SLT ba ta wuce abu biyu: jihar da za a tura mutum bautar ƙasa, da abin da zai kama idan ya tuɓe kakin. Akwai mai shirin buɗe shagon POS, akwai wadda aka riga aka sa wa rana, akwai masu jiran a buɗe ɗaukar aikin kwastam. Idan aka zo kaina na ce karatu zan ci gaba, digiri na biyu na bincike a kan cututtukan da tsutsa ke jawowa, sai a kwashe da dariya a ce, "Ke ba ki gaji ba ne?" Na gaji mana. Amma furojet ɗina ya bar mini wata tambaya da ta hana ni sakat.

A kan tsargiya na yi shi, wato fitsarin jini. Da izinin iyaye da na hukumar makaranta muka karɓi fitsarin 'yan firamare a wani ƙauye da ke bakin dam, inda ake noman rani. Tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana ake karɓa, domin lokacin ne ƙwan tsutsar ya fi fita. A juya samfurin a na'ura, a zubar da ruwan sama, a ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, a sa ido a maikiroskof. Wanda ya taɓa ganin ƙwan Schistosoma haematobium ba ya mantawa da shi: dogo ne kamar ƙwallon dabino, da 'yar ƙaya a bakinsa guda. Na gan shi a fitsarin yara fiye da yadda na yi zato, har da waɗanda fitsarinsu fari ne tas a ido.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne malamansu sun tabbatar an raba wa yaran nan maganin praziquantel a makaranta. Maganin yana aiki, ba ƙarya. Sai dai manyan tsutsotsi yake kashewa, ba shi da ƙarfi sosai a kan ƙananan, kuma ba ya hana a sake kamuwa. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa mai suna Bulinus, ya hayayyafa a can, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko dashen shinkafa. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, ga shi har yau a wasu garuruwanmu ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji, alhali idan ya daɗe yana iya lalata mafitsara da ƙoda, har ya kai ga kansa. To yaran da na gani, sake kamuwa suka yi, ko tun farko maganin bai gama da tsutsar ba? Maikiroskof ba zai faɗa mini ba. Sai an bi yaran wata da watanni, an kwaso dodon koɗin kowane mashigi, an duba ƙwayoyin gadon tsutsar da PCR. Wannan ya fi ƙarfin furojet na zango ɗaya da kuɗin aljihun ɗaliba.

A nan ne takardarmu take fara nuna halinta. Mai BSc da sakamako mai kyau yana gama bautar ƙasa zai nemi digiri na biyu kai tsaye. Mu masu babbar difloma, galibin jami'o'i sai mun fara yin PGD, shekara guda ko fiye, kuma makin da ka fita da shi a HND yana iya buɗe maka ƙofar ko ya rufe ta. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri, amma ba a sa masa hannu ba. A 2023 hukumar NBTE ta fito da shirin ƙarin shekara guda don mayar da HND digiri ta hanyar jami'o'in waje, hukumar jami'o'i ta NUC ta ce ba da yawunta ba. Su dai manya suna ta ja-in-ja, mu kuma shekarunmu na tafiya.

Na zauna na yi lissafin. Yanzu ina da shekara 22. Bautar ƙasa ta kai ni 23, PGD 24, digiri na biyu 26, idan har ba a yi yajin aiki irin na ASUU a 2022 da ya ci wata takwas ba. Idan na zarce digirin digirgir, ina dab da talatin ke nan. Da na karanto wa Umma wannan lissafin, shiru ta yi, can ta ce, "Duk a kan fitsarin 'ya'yan mutane?" Baba bai hana ba, amma ya ce duk wanda ya zo neman aurena ni zan yi masa bayani da bakina, shi ba zai shiga tsakani ba. Ina ganin adalci ne. Ƙannena uku suna bayana, ba zan ɗora wa gidanmu kuɗin PGD ba, dole in nemo shi da gumina.

Maganar kuɗi ita ce wadda ba a cika faɗa mana ba. Bincike a fannin halittu ba irin karatun da za ka yi da littafi da biro ba ne. Sinadaran gwaji da dala ake sayo su, sau da yawa kuma ɗalibi ne ke biya. Wata yayarmu da ta riga mu fita ta ba ni labarin yadda samfuran jinin da ta tara wata uku suka lalace a firiza saboda an ɗauke wuta, janareto kuma ba mai. Tallafin karatu na TETFund da ake yawan ambata na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ba na wanda ya fito daga bautar ƙasa jiya ba. Shi ya sa nake ganin wanda zai shiga digiri na biyu don kawai aiki bai samu ba, gara ya sake tunani. Zai kashe kuɗi, ya ƙare da kundin da ƙura za ta rufe a kan kanta.

Duk da haka wuraren da ake yin aikin gaske suna nan, kuma ba sai an je Ingila ba. A ABU Zariya akwai cibiyar da ke bincike kan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, tsargiya kuwa tana cikinsu. Akwai cibiyar binciken sammore a Kaduna, akwai ta dabbobi a Vom, akwai NIMR a Yaba ta Legas. A Ede, jihar Osun, cibiyar ACEGID ƙarƙashin Farfesa Christian Happi ce ta fara karanta ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. A Jami'ar Gana kuma akwai WACCBIP, wadda ke ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashen yankin nan. Gasar shiga tana da zafi, kuma sai da takardar da suka yarda da ita, wato dai PGD ɗin nan ba makawa.

Abu ɗaya da ba zan yarda a raina mana ba shi ne hannu. Mun yi shekara biyu a kan benci, mun yi shekarar IT, mun dawo mun ƙara biyu. Mun san yadda ake haɗa abincin ƙwayoyin cuta a zuba a faranti ba tare da ya gurɓata ba, mun san rinin Gram da na Giemsa, mun san ƙarar otokilef idan murfinsa bai zauna daidai ba. Inda muke da rauni shi ne karatun mujallun bincike da lissafin alƙaluma da rubutu. A wannan ɓangaren, gaskiya, an bar mu a baya, kuma ba wanda zai zo ya cike mana giɓin.

Don haka na fara tun yanzu. Kowane mako ina sauke takarda ɗaya a kan tsargiya daga Google Scholar, in karanta ta ko da sau uku ne, in rubuta sunayen malaman jami'o'inmu da suka yi aikin. Safabaiza na, Allah ya saka masa, shi ya ce kada in zaɓi jami'a don sunanta, in zaɓi malamin da ke da ɗakin gwaji mai aiki da ɗalibai masu gamawa a kan lokaci. Na rubuta wa uku daga cikinsu, ɗaya ya amsa, ya ce in turo masa furojet ɗin idan an sa hannu. 'Yan ND da 'yan HND 1 masu irin wannan tunanin, ku riƙe makinku tun yanzu, ku kuma nemi tiranskirif da wuri, kun dai san yadda ofis yake.

Idan an tura ni bautar ƙasa zan roƙi a ajiye ni a ɗakin gwajin asibiti ko wata cibiyar bincike, in riƙa ɓoye wani abu daga alawus. Kafin nan ina so in koma ƙauyen bayan damina, in ga mashigin da yaran suka fi shiga, in ɗebo dodon koɗin a kwalba. Mai unguwar ya ce in zo, amma in taho da takalmin roba, kada ni ma in koma gida da ita.